Ranar da Muka Ƙi Tashi wa Madugu Yeom

Har yau in na tuna da Madugu Yeom raina ɓaci yake yi. Mutumin da bai shekara da karɓar sandar jagorancin ƙungiyar kiɗan birninmu ba, shi ne ya dubi Malam Pyo a gaban dukkan makaɗa ya ce algaitarsa ta tsufa. Mako bai zagayo ba aka sallami tsohon. Ya kai koke ofishin magajin gari, aka ce ya jira.

Malam Pyo fa! Shi ke busa muryar da kowa ke daidaita abin kiɗansa a kanta kafin a fara. Yana nan tun ƙungiyar na atisaye a wani tsohon gidan sinima mai yoyo, ana kaɗa goge da safar hannu mai yankakkun yatsu saboda sanyi. Wannan katafaren zauren da Yeom ke hura hanci a cikinsa, wahalar su Malam ce ta gina shi.

Muna cin taliya mai sanyi a shagon bayan zaure na ce wa Hye-rim, abokiyar zamana a layin manyan goge, ni dai ba zan haɗiye wannan ba.

"To Yaya Eun-sil, me za ki yi? Ki rafka masa goge a ka?"

"Gogena ya fi kansa daraja. Ran Lahadi magajin gari zai zo, shi zai yanke ko a ƙara wa ɗan rainin hankalin nan wa'adi. In an gama kiɗa ya ɗaga hannu mu tashi, kowa ya yi zamansa. A ga ba ma tare da shi, a maido mana Malam."

"Kin manta? Ƙin tashi ai karramawa ce. Makaɗa su zauna su bar wa madugu tafin shi kaɗai."

"Waccan da murmushi ake yi, ana buga ƙafa a dandamali. Mu ko yatsa ba za mu motsa ba. Makaho ma sai ya gane."

Kowa ya yarda, har masu kakaki da ba a taɓa jin sun yarda da komai ba. Malam kaɗai muka ɓoye wa, don mun san zai hana.

Ran Lahadi da la'asar zaure ya cika maƙil. Muka zuba duk haushinmu a cikin kiɗan, abin takaici sai ya fi na kullum daɗi. Tafi ya ɓarke. Yeom ya juyo gare mu ya ɗaga hannu. Ba wanda ya tashi. Ya sake ɗagawa. Muka kafa masa ido, fuska a murtuke. Na ga kunnuwansa sun yi jawur, ya gane sarai.

Sai munafukin ya dafa ƙirji, ya rusuna mana har ƙasa, yana wani goge ido. Jama'a suka miƙe da sowa. Magajin gari na tafi har tabarau na zame masa. Daga can kujerun, wa ke ganin ko ƙafarmu na motsi? Ni da na kawo shawarar ji na yi kamar in fashe.

A ƙofar fitar makaɗa muka tarar da Malam Pyo cikin tsohuwar kwat ɗinsa. Ashe tikiti ya saya ya zauna can ƙarshen bene.

"Malam, tsaya ka ji yadda aka yi," na ce.

"In ji me, 'yata? Da idona na gani. Duk zamana a ƙungiyar nan ba madugun da aka yi wa irin wannan karramawa." Ya gyara hularsa. "Na zo ne in ji ko kun yi kewar busata. Tunda haka kuka ɗauki Yeom, to gaskiyarsa ce, na tsufa. Gobe zan janye kokena."

Na buɗe baki ke nan sai ga ɗan aiken magajin gari ya tare ni da kwandon furanni, wai an ce ni na shirya wannan kyakkyawar karramawa, maigidansa na godiya. Kafin in ture shi in wuce, Malam ya sauka matakalar tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa ya shige cikin mutane.