Hanyar Rani ta Garin Tamu

Mansur ɗan kabu-kabu ne a Mallawa, kuma shekara biyu ke nan yana zana hanyoyi a taswirar nan ta intanet da kowa ke iya sa wa hannu. In ya ɗauki fasinja zuwa ƙauye sai ya kunna waya a aljihu ta bi sawun motonsa, wato babur ɗinsa, in ya samu rezo, wato sabis ɗin waya, ya ɗora layin, ya rubuta ko ta mota ce ko ta amalanke.

Da rani ya zana wata 'yar yanke da ke ratsa fadama ta ɓulle Garin Tamu. Wata mata daga ƙasar sanyi, mai zana hanyoyin baburan da ke gudu kan dusar ƙanƙara, ta ga aikin ta aiko masa da saƙo da Faransanci. Ta ce su ma hanyoyinsu kan bi ta kan tafki in ya daskare, in ya narke kuma sai mutum ya nutse, shi ya sa suke rubuta lokacin da ake bi. Mansur ya ji daɗin shawarar, ya sa wa layin alamar rani kaɗai, moto kaɗai.

Damina na tsakiya naƙuda ta tsananta wa Habsatu matar Ɗalha a Garin Tamu, aka kira likita ta waya, aka turo ambilans. Direban baƙo ne, bai daɗe da zuwa daga Damagaram ba, sai ya bi abin da wayarsa ta nuna masa. Ta kai shi fadama. Motar ta kafe a laka har gindin ƙofa, ga garin ana hangensa. Kafin a haɗo shanu da igiya a janyo motar rana ta karkata, Ɗalha ya gaji da jira ya ɗora matarsa a amalanke suka zagaya ta tudu. A hanya ta cika, da cikin a jikinta.

A tashar 'yan kabu-kabu Mansur ya ji labari. Ya buɗe taswirar, ya tarar alamarsa babu. Wani da bai taɓa taka ƙasar ba ya duba hoton sama, wanda aka ɗauka lokacin da fadamar ke bushe, ya ga layi fari tas, ya haɗe shi da babbar hanya ya mai da shi hanyar mota. Har ya rubuta cewa ya gyara kuskure.

Washegari Mansur ya je gaisuwa. Mutanen garin sun sha ganinsa yana kai-komo a fadamar da waya a hannu, direban kuma ya riga ya faɗi abin da ya bi. Mansur ya durƙusa gaban Ɗalha a zaure. Ya soma bayanin alamar da yadda aka goge ta, Ɗalha ya saurare shi har ƙarshe.

"Kafin ka sa hanyar a waya, Mansur, mota ta taɓa biyowa nan?"

"A'a, Yaya Ɗalha."

Ɗalha ya juya ga masu shigowa.

Da Mansur ya koma Mallawa ya mai da alamar, ya rubuta wa mutumin da ya goge ta abin da ya faru. Amsa ba ta zo ba. Ya kuma san wayoyin da suka riga suka sauke tsohuwar taswira za su ci gaba da nuna hanyar har Allah ya sa masu su su sabunta. Sai ya ari gatari ya tafi mararrabar, ya sassaro rassan ƙaya ya jibge a bakin yanken. Mako bai cika ba wasu masu amalanke suka janye su gefe, ya sake komawa ya jera.