Ramin da Aka Bar wa Ejiofor

Ranar da Onyema mai shagon kayan keke ya rasu, ɗansa Ejiofor ya yi abin da ya taso ya ga ana yi a unguwarsu ta Limanti: kafin la'asar har an kai shi makwancinsa a maƙabartar Kiristoci. Shi dai Ejiofor a Maiduguri aka yanke masa cibiya, Barbarci ya fi zama a bakinsa a kan yaren ubansa. A saninsa, barin gawa ta kwana wulaƙanci ne.

Baba Musa maƙwabcinsu ya dafa kafaɗarsa. "Ka kyauta, ɗana. Ka suturta ubanka."

Ana nan sai ga Gerald, ƙanen marigayin, ya diro daga motar Kudu, idanu jajir. Ko ruwa bai sha ba.

"Ka binne wana a ƙasar baƙi kamar mara gida? A wajenmu namiji a gidan ubansa yake kwanciya. Ka tono shi a kai shi gida, in ba haka ba ka fita daga danginmu."

"Yi haƙuri, Baffa," in ji Ejiofor. Da Hausa maganar ta kuɓuce masa.

"Ji! Ko haƙurin ma da bakin wasu kake ba ni."

Ejiofor ya garzaya wurin Baba Musa neman shawara. Tsohon ya zabura. "Tonon kabari? A'uzubillahi! Kada ka soma, ɗana."

To, ina zai sa kansa? Ya rasa ci, ya rasa sukuni, ƙarshe ya zaɓi jini, ya bi maganar baffansa. Da hantsi ya ɗauki shebur da hannunsa, don babu leburan da ya yarda. Abin da hancinsa ya shaƙa a ramin nan, Allah kada ya nuna wa maƙiyi.

Aka ɗora akwatin a mota. Ya sa ƙafa zai hau, Gerald ya tare shi. "Ba da kai ba. Dattawa ba sa son ganin fuskarka tukuna."

Ya komo Limanti, ya durƙusa ya miƙa wa Baba Musa hannu. Tsohon ya dubi hannun, ya dubi ƙasar da ke ƙarƙashin faratansa, ya mai da nasa cikin riga.

Baƙin ciki ya ci Ejiofor har ya rame. Duk Lahadi in an tashi daga coci yakan je maƙabarta, ya tsaya a gaban ramin da babu kowa a ciki, ya gai da ubansa.