Babban Yatsan Si Munji

A layin masu zanen tagulla, in aka ambaci Si Munji abu biyu ake faɗa: hannunsa da bakinsa. Maƙwabtansa na shago suna cewa in ya damƙi kurfi, ƙarfen da yake zane da shi, da hagu ya ɗora a kan faranti, ko jaki aka ɗaura wa kurfin ba zai fizge shi ba, shi ya sa zanensa ba ya karkata. Mai shayin bakin layi cewa yake bai taɓa miƙa masa kofi ya tafi ba a yi masa ba'a ba. Matarsa kuwa, Lella Zakiyya, ta gaya wa tawa cewa ko murfin kwalba mutumin nan ya rufe, sai an kira shi kafin a buɗe.

Ni na san shi ne a ƙungiyar maluf ta unguwarmu, wato kiɗan gargajiyar garinmu, da muke haɗuwa kowace Lahadi da hantsi a gidan al'adu. Shekara ashirin da biyu yana cikin masu rera waƙa, ni ina can baya da bandirina. Sai muryarsa ta dushe, ta ƙi dawowa. Si Lutfi, shugabanmu mai kaɗa ud, garayar Larabawa, ya ja shi gefe ya ce ya riƙa zuwa yana saurare, wurin nasa ne. Si Munji ya ce shi ba tulu ba ne da za a ajiye a lungu. Ya nuna kabad ɗin da celo, babban gogen Turawa, yake ciki tun rasuwar Si Sadik, wanda ya kaɗa mana shi shekara da shekaru, ya ce ai ga kujera ɗaya da babu kowa a kanta.

Yana da shekara hamsin da tara ya fara rungumar babban gogen nan tsakanin gwiwoyinsa. Si Lutfi ne ke koya masa, ko da yake bai ɓoye ba cewa shi bai taɓa kaɗa celo ba, kunnensa kawai yake ara masa. Haka suka lallaɓa shekara biyu, har Si Munji ya iya bin mu a ƙasa-ƙasa ba ya ɓata mana.

Bayan Babbar Sallah Si Lutfi ya zaɓi abin da za mu kaɗa ranar Maulidi. A tsakiyarsa akwai inda kowa ke yin shiru, celo ya yi magana shi kaɗai. Ba tsawo gare shi ba, numfashi biyu ne. Amma a nan sai hannun hagu ya buɗe fiye da yadda ya saba: manuniya ta tsaya inda take a kan tsirkiya, sauran yatsu uku su gangara ƙasa. Ƙaramin yatsan Si Munji ba ya kaiwa. Kullum saura kaɗan, kuma kaɗan ɗin nan ya isa sautin ya fito a karkace, har masu waƙa su sunkuyar da kai.

"Buɗe hannun, Si Munji," in ji Si Lutfi daga gabansa. "Ƙara buɗewa."

A mako na uku ya faɗa masa a gaban kowa, cikin ladabi, cewa in Maulidi ya matso wurin nan bai gyaru ba, dole ya nemo wani ya zauna a kujerar. Duk mun san wanda ya zauna ba zai tashi ba.

Kujerata tana bayan ta mai celo, ɗan hagu kaɗan. Kowa a ɗakin gaban celon yake gani, ni kaɗai nake ganin bayan wuyan celon, inda babban yatsa ke ɓuya. Shekara goma sha biyar na zauna a bayan Si Sadik, kuma mai bandiri yana da lokacin kallo. Duk sanda Si Sadik zai buɗe hannu haka, babban yatsansa yakan saki wuyan ya sulale ƙasa, ya bi yatsan tsakiya, gwiwar hannunsa ta ɗan matso gaba. Ba ya miƙa komai. Hannun ne gaba ɗaya ke sauya zama. Na Si Munji kuwa yana nan daram inda ya dasa shi, farcen ya yi fari don matsa, kamar yadda yake riƙe kurfi shekara arba'in. Yatsun suna ja gaba, shi yana riƙe su ta baya.

Na yi niyyar faɗa. Wata Lahadi ana hutun shayi na matsa kusa da shi, na ce akwai abin da na lura da shi game da hannunsa. Tun da na shiga ajin yaƙi da jahilci ina da shekara arba'in da uku yake kirana Ustaz, kuma ranar ma bai fasa ba.

"Jama'a ku yi shiru, Ustaz zai ba da darasi," ya ce. "Kai da kayanka fata ce da aka ɗaure a rariya, Si Ammar, tsirkiya nawa gare shi?"

Aka yi dariya. Ba dariyar mugunta ba ce, irin wadda ake yi masa kullum ce. Ni ma na murmusa, na ce ba komai, na koma wurina. A hanyar gida na gaya wa kaina cewa ai Si Lutfi ya yi karatun kiɗa, in da abin da na gani gaskiya ne da ya faɗa.

Si Munji kuma ya ɗauki hannunsa yadda yake ɗaukar tagulla. A sana'arsu, in ƙarfe ya ƙi lanƙwasa, wuta ake ba shi sannan a buɗe shi da ƙarfi. Sai ya riƙa tsoma hannun a ruwan zafi da safe, ya shafe shi da man zaitun, ya cusa toshiyar kwalba tsakanin manuniya da yatsan tsakiya ya zauna da ita. Da toshiyar ta daina yi masa zafi sai ya sassaƙa guntun katako mai kauri ya maye gurbinta. Layin gaba ɗaya ya shiga maganar. Wani ya ce ya je gidan wanka a ja masa yatsun cikin tururi, ya je. Wani ya ce ya ɗaure katakon da zare, ya ɗaure.

Shagon da nake gyaran jar dara ba shi da nisa da nasa, kuma kusan kullum bayan azahar nakan tsaya mu sha shayi. Yakan ɗaga hannun ya nuna mini, ya ce in duba, ai ya ƙara faɗi. Wata rana na ga ya karɓi kofi da hagu ya yi sauri ya mayar dama. Ya ce Lella Zakiyya ta yi rantsuwa za ta jefa katakon a murhu. Ina saurare. Na iya saurare, kowa ya san ni da shi. Sau uku maganar tana zuwa mini har baki, sai ya riga ni da wata ba'ar, in haɗiye ta tare da shayin.

Saura mako biyu Maulidi, muka zo wurin nan nasa, ɗaki ya yi tsit. Na ga babban yatsan ya danne wuyan, ƙaramin ya miƙe yana rawa. Sai hannun ya tsaya a buɗe. Bai yi ƙara ba. Ya jingina celo a kafaɗarsa, ya sa dama ya naɗe yatsun hagu ɗaya bayan ɗaya, ya ce a yi haƙuri a ci gaba ba shi.

Likita ya ce jijiya ce ta kumbura tun daga yatsu har gwiwar hannu. Wata biyu ba kurfi, ba celo, bayan nan a gani.

Si Lutfi ya samo Madam Jalila, malamar kiɗa a wata makarantar 'yan mata, ta kuma ce in muna so za ta zauna da mu gaba ɗaya. Ranar Maulidi da la'asar na zauna a bayanta. Da aka zo wurin, babban yatsanta ya saki wuyan ya sulale ƙasa, sautin ya fito cif. Na hango Si Munji a layi na biyu, hannunsa a naɗe da bandeji, ya tafa da dama a kan cinyarsa.

Washegari na kai masa asida, faten zaƙi na Maulidi, da matata ta yi. Yana zaune a shago ba ya aiki, farantai a jere ba zane. Ya ci cokali biyu ya ture. Bai yi mini ba'a ba, kuma wannan ya fi komai damuna.

"Na kalli yatsun matar nan tun daga farko har ƙarshe," ya ce. "Hannunta bai kai rabin nawa ba, Si Ammar. Ta ina take kaiwa?"

Na ɗauki gudumarsa daga kan tebur, na tsayar da ƙotar a gaban kafaɗata kamar wuyan celo, na juya masa baya don ya ga abin da nake gani. Na jera yatsuna, na tsayar da manuniya, na saki babban yatsa ya gangara. Sauran suka bi shi ba gardama. Na sake yi a hankali.

Ya daɗe yana kallo. Ya karɓi gudumar da hannunsa na dama mai lafiya, ya gwada, yatsun suka buɗe. Ya sake gwadawa. Sannan ya kalli bandejin.

"Jiya ka gani a hannunta?"

"A hannun Si Sadik na gani."

"Nawa fa? Yaushe ka ga ba ya motsi?"

"Tun makon farko, bayan Sallah."

Ya ajiye gudumar a hankali, abin da ban taɓa ganin ya yi wa wani ƙarfe ba. A waje maƙwabcinsa yana ta bugun faranti. Na jira ya kira ni Ustaz, ko ya zage ni, ko ya ce in fita. Babu ɗaya da ya yi, kuma na ga in na ƙara jira zan sake haɗiyewa.

"Ina bayanka wata uku ina kallo, na ji tsoron dariya na yi shiru," na ce. "Ka yafe mini, Si Munji."