Awa Takwas Da Suka Ɓace

Baba Tela mutum ne da ya yarda da lissafinsa fiye da kima. Shekara arba'in yana auna wuyan mutane bai taɓa kuskure ba, wai sai tikitin jirgi ne zai gagare shi?

Ranar Alhamis da ƙarfe goma na safe za a yi wa matarsa aikin zuciya. Ita kuwa ba abin da take roƙo sai ta sa Auta a ido kafin a shiga da ita. Auta 'yarsu ce, tana aikin jinya a can wata uwa duniya. Ta turo hoton tikitinta a waya: tashi Laraba huɗu na yamma, tafiya awa goma sha biyar, sauka Alhamis uku na rana.

Ya ɗauki allinsa ya hau lissafi a kan teburin yankan yadi. Huɗu na yamma a ɗora sha biyar, bakwai na safe ke nan. To daga ina uku na rana ta ɓullo? Ya goge ya sake, bakwai ɗin dai. "Masu buga takardar ne suka yi shirme," in ji shi. Ya kira Auta ya tambaya? Haba, a ji uba ya kasa haɗa lamba biyu!

Ya je asibiti ya riƙe hannun matar. "Kwantar da hankalinki. Bakwai za ta sauka, da kaina zan ɗauko ta, tara muna gabanki."

Bakwai ta yi masa a filin jirgi. Takwas ta wuce. Da ƙafafunsa suka gaji, ya nufi wata ma'aikaciya a bayan kanta.

"'Yata, jirgin nan makara ya yi?"

"A'a Baba, lafiya lau yake tafe. Uku zai sauka."

"Ba huɗu ya tashi ba?"

"Huɗunsu, ba huɗunmu ba. Mun riga su da awa takwas."

"Ikon Allah! Huɗun ma har tana da masu ita?"

Ta juyo masa da kwamfutarta. Ga ɗan jirgi kamar ƙuda a tsakiyar teku, saura kilomita dubu biyar. Ya ƙura ido, kansa ya ƙara ɗaurewa.

"To awa takwas ɗin, ina suka shiga? A sama aka zubar da su?"

Tana cikin sake bayani idonsa ya faɗa kan agogon bango. Tara da kwata, ga asibiti tafiyar awa ɗaya da rabi. Ya ruga waje neman tasi.

Yana cikin tasi a cunkoso ƙanwar matarsa ta kira.

"Yaya, kuna ina? An shiga da ita."

"Ta ce wani abu?"

"Ta roƙi likita minti biyar, ya ba ta. Cewa ta yi ko Auta ba ta iso ba, kai dai ba za ka bari a shiga da ita ba ka nan ba."