Kujerun Masu Jinya

Watannin da matarsa ta yi a ɗakin masu ciwon ƙoda, a kan bokiti tela ya yi su. Babu kujerar masu jinya a ɗakin, sai ya kife bokitin wanke-wankenta a gefen gado ya zauna, har bokitin ya tsage, har ita ma ta tafi.

Da 'yarsa ta zo shago da maganar gudun taimako, bai ɗaga kai daga keke ba.

"Kilomita goma ne, Baba. Mutane su yi alkawarin kuɗi, in ka gama su biya, a yi wa asibitin wani abu."

"Waɗanda suka kasa zuwa dubiya su ne za su biya su ga na faɗi a titi?"

"Haba Baba."

"Ki ce musu kujeru za a saya."

Alkawari mafi girma daga yayan marigayiyar ya fito, mai shagunan tayoyi. Ko sau ɗaya bai taka asibitin ba, wai warin magani yana tayar masa da zuciya. Ranar rasuwa kuwa shi ne a gaba, yana ƙamshi, yana karɓar gaisuwa da hannu biyu.

"Tela da gudu!" in ji shi, yana dariya har da dukan teburin yanka. "Ƙafar da ba ta san komai ba sai fedar keke. To ka ji, kujerun duka ni zan saya. Amma ban yarda da hoto ba, ban yarda da shaidar 'yarka ba. Sai na'urar masu shirya gudun ta nuna ka gama."

"Na ji, Yaya."

Tela ya fara fita gwajin gudu da sassafe kafin ya buɗe shago. Gwiwoyinsa suna ƙara kamar almakashin da ya rasa mai. Mai aski na maƙwabta kullum sai ya leƙo ya tambaye shi ko wani ya ɓata wa ɗinki aka biyo shi. Tela bai taɓa amsawa ba, don ba shi da numfashin ɓatawa.

Ana gobe gudu 'yar ta kawo masa riga da takardar lamba. A bayan rigar an buga hoton uwarta, wanda aka ɗauka kafin ciwo, tana dariya, wushiryarta a fili. Ɗinkin rigar abin kunya ne, kuma duk ta yamutse, fuskar ta karkace. Ya warware kafaɗun ya sake zaunar da su. Fil ɗin da aka haɗo don maƙala lamba ya watsar da su, domin a wurinsa fil aikin rago ne. Ya ɗinke lambar a ƙirji, sannan ya jona dutsen guga. Ya bi fuskar a hankali ta cikin ƙyalle mai laima har ta miƙe. Ya juyo kan lambar. A bayanta akwai wani ɗan tudu da ya ƙi kwanciya, ya danne shi da kyau har ya kwanta.

Gudun kansa ba wani labari ba ne. Matasa masu waya a kunne suka wuce shi, mata masu tura jarirai suka wuce shi. Daga tsakiyar hanya motar kwashe waɗanda suka gaza ta manne masa a baya.

"Baba, akwai wuri, akwai sanyi," in ji direban.

"Ka kai wa mai bukata."

A ƙarshen hanya an shimfiɗa wata tabarmar roba, duk wanda ya taka sai na'ura ta yi ƙara. Tela ya taka, shiru. Ya koma baya ya sake takawa, shiru. Matar da ke kula da na'urar ta ɗaga gefen lambarsa ta leƙa.

"Baba, me ya sami wannan?"

"Guga."

"Guga? Ai wannan tudun shi ne yake magana da na'ura. Ka dafa shi."

Yaya yana tsaye ƙarƙashin lema, sai da ya riƙe ciki. "An goge lamba! Wallahi tela tela ne. To, na'ura dai ba ta san ka ba."

"Kawu, ai da idonka ka gan shi," in ji 'yar.

"Idona ba ya cikin sharaɗi, 'yata."

Tela bai yi musu ba. Gaskiya ne, haka aka yi sharaɗin. Ya juya baya kawai, ya tsaya dab da surukin nasa, hoton a gaban idonsa, ya miƙe kafaɗunsa yadda rigar za ta zauna daidai.

"Yaya, ni numfashina ya ƙare. Ka yi wa ƙanwarka bayani."

Gumi ya jiƙa rigar amma fuskar ba ta yamutse ba. Wushiryar nan iri ɗaya ce da ta mai tayoyi. Dariyar Yaya ta ragu, ta zama tari.

"Juyo mana mu yi magana irin ta manya."

Tela bai juyo ba. Yana kallon ma'aikata suna naɗe igiyoyin hanya. Masu wucewa suka fara rage tafiya suna duban mai ƙamshin da ke tsaye gaban hoto, ya rasa inda zai ajiye idonsa.

Can sai muryar Yaya ta fito, ƙasa-ƙasa. "Waɗanne irin kujeru ake so?"

"Masu wurin jingina. Mutum yana daɗewa a wurin."

Sai a lokacin ƙafafunsa suka tuna da shekarunsu. Ya duba dama, ya duba hagu. Masu shirya taron sun tanadi ruwa da lasifika da tutoci, amma ba su tanadi wurin zama ba. Akwai bokitin da aka sanyaya ruwa a ciki. Tela ya zubar da sauran ƙanƙarar, ya kife shi.