Ranar da Ta Kai Cizal Washi

Tartsatsin wuta na tashi daga bakin ƙarfen, matar kafinta ta ja da baya, ta juya gefe don kada ya sami 'yar da ke goye a bayanta. Mai washi ko ɗago kai bai yi ba. Injinsa na kuka, dutsen na juyawa, ya kama cizal na biyar, ƙarfen nan na sassaƙa katako, ya goga wannan gefe, ya juya ya goga wancan, daidai yadda yake yi wa wuƙaƙen mahauta tun safe.

"Malam, a bi a hankali dai," ta ce. "Na mahaifin maigidana ne, gado ya yi."

"Hajiya, shekara ashirin ina wannan aiki. Ki ce masa ya yi aski da su."

"Ni ba Hajiya ba ce."

"Ai za ki zama. Miƙo tsumman."

Ta naɗe su a tsohon tawul, har yanzu da ɗuminsu. Bakin kowanne ya yi wani shuɗi-shuɗi mai sheƙi, ita kuwa kyau ya yi mata. A cikin bas ta rungume ƙunshin a cinya, ta juya kaifin wajen taga saboda ƙafafun yaran da ke kusa da ita, ta jingina kai da taga. Kwana uku ke nan barcinta rabi-rabi ne.

Kwana uku da cizal ya kuɓuce wa mijinta yana tsakiyar aiki, ya tsaga masa tafin hannun hagu har wuyan hannu. An yi ɗinki, an naɗe shi kusan zuwa gwiwar hannu. Ƙofofi shida na ɗan kwangila suna jingine a shago, an huda su da inji, saura gyaran ramin da makulli zai zauna. Ɗan kwangilar ya ce gobe da hantsi zai turo mota, ko an gama ko ba a gama ba. In ba a gama ba zai kai wa wani, kuma wanda ya gama waɗannan shi zai yi sauran ƙofofin benen da yake ginawa. Duk shekarar nan aikinsa ne ke riƙe da gidan.

Jiya ta ji mijin yana magana shi kaɗai a gaban ƙofofin: "Da cizal ɗin na da kaifi, hannu ɗaya ma ya ishe ni." Ta riƙe maganar. Da safe, maganin ciwo bai sake shi ba, ta kwashe su duka biyar ta fita.

Shagon a gaban gidan yake, labule ne kawai tsakaninsa da ɗakinsu. Ta same shi zaune a kan benci, hannun a rataye a wuya.

"Rufe idonka," ta ce.

"Uwargida, ko na buɗe ba abin da nake gani sai ƙofofi."

Uwargida yake ce mata don tsokana, ita kaɗai ce a gidan. Ta warware tawul ɗin a gabansa, tana jiran murmushi.

Ya ɗauki mai faɗin. Ya juya shi. Ya sake juya shi. Ya ajiye, ya ɗauki na biyu. Haka ya bi su har na biyar.

"Wa ya yi wannan?"

"Mai washi na bakin kasuwa. Bai yi kaifi ba?"

"Ya yi kaifi. In albasa za ki yanka." Ya kifa cizal ɗin a kan benci, ya nuna mata da haɓa. "Cizal ba wuƙa ba ne. Gefe ɗaya ake wasa shi. Bayansa kuwa a miƙe yake, sumul, shi ke kwanciya a jikin katako ya nuna wa bakin hanya. Yanzu an ci bayan. In na tura shi, sama zai tashi, ko ya zame." Ya dubi hannun da ke naɗe. "Wannan shuɗin kuma wuta ce ta ci ƙarfen. Ya yi laushi. Tura biyu zai lanƙwashe."

Ta sauke 'yar, ta zaunar da ita a cikin wata durowa da ba a gama ba, inda suka saba ajiye ta. Tsuntsuwa suke ce mata, saboda yadda take wangale baki da ta ga cokali.

"Baba shekara talatin yana lallashin bayan nan," in ji shi, ba da faɗa ba. Da ma faɗan ya yi, da ya fi mata sauƙi. "Miƙo mini waya. Gara in gaya wa mutumin nan tun yanzu."

Ba ta miƙa ba. "Ba ya gyaruwa?"

"Yana gyaruwa. Sai an cinye bakin, kamar tsawon ƙwayar shinkafa, har shuɗin ya tafi, a sake fitar da sabon baki. Aikin hannu biyu ne, da dutse mai kaushi. Nawa mai laushi ne, na gamawa. Ni kuma ga ni."

"Nawa kake bukata a cikin biyar ɗin?"

"Biyu. Mai faɗi da siriri."

"To ni hannu biyu gare ni."

Ya dube ta kamar zai yi dariya, sai gajiya ta hana shi. "Ina ma dutsen nawa?"

Ta shiga ɗaki, ta taka kujera, ta sauko da shi daga saman kabad tare da kwalbar mansa. Wata guda ke nan da ta ɗora su can, ranar da ta tsinci Tsuntsuwa da kwalbar a baki. Tun daga ranar bai sake wasa komai ba. Kullum sai ya ce anjima, ya ƙara danna ƙarfen da ƙarfi, har ranar da ya kuɓuce. Ta ajiye dutsen a gabansa, ƙura ta rufe shi. Shi ya sani, ita ma ta sani.

"Kujerar ba ta fi ƙarfina ba," ya ce a hankali. "Kasala ce tawa." Ya zaro rular ƙarfe daga aljihun riga. "Je ki layin masu kayan aiki. Dutse mai kaushi, na ruwa. Ki ɗora wannan a kansa ki ɗaga wajen haske. In haske ya ratsa ta ƙasa, ki ajiye shi."

Ta sake goya Tsuntsuwa, don ba ta yarda ta bar ta da mai hannu ɗaya a cikin zarto da ƙusoshi ba. Rana ta take. Bas ɗin farko ya wuce a cike.

Mai shagon kayan aiki ya saurari labarin yana girgiza kai. "Kin kai cizal wurin mai wuƙa? Kai! Mijin naki bai suma ba?" Ya sunkuya ya jawo wani ƙaramin inji mai dutse biyu, ya jona shi, ya kunna. "Ga maganin wahalarki. Minti goma kin gama duka biyar. In kina tsoma shi a ruwa ba zai ƙone ba."

Ta tsaya tana kallon dutsen na juyawa har ba a ganinsa. Minti goma. Kafaɗunta na ciwo, majanyi ya ci mata ƙirji, ko karyawa ba ta yi ba. Kuma ba ƙarya yake yi ba, ta ga irinsa a shaguna.

"Ina murfinsa?"

"Murfi ai cire shi ake yi, yana tare ido."

"Wayar fa, iya tsawonta ke nan?"

"A ƙasa za ki ajiye shi, kusa da soket."

A ƙasa. Inda Tsuntsuwa ke rarrafe, tana kai hannu ga duk abin da ke motsi. Sai idonta ya sauka a kan hannun mai shagon da ke kan makunni. Babban ɗan yatsansa ba farce, kan ma a daƙile yake.

"Wannan fa?"

Ya mayar da hannun aljihu. "Tsohon labari ne."

"Kashe shi. Nuna mini duwatsu."

Ya ce to ga sababbin cizal a kwali. Ta zaro ɗaya, ta ɗora rular a bayansa, ta ɗaga, haske ya ratsa kamar ta ƙasan ƙofa. Ta mayar. Dutse na farko ma haka, na biyu da rami a tsakiya, na uku ya tsage a kusurwa.

"Baiwar Allah, ke kafinta ce ko mai duba ƙwai?"

"Kawo na can ƙasa."

Na huɗu, rular ta kwanta luf, ko zaren haske babu. Ta juya ta a tsaye, ta juya ta a karkace. Ta ce a naɗe mata shi.

Ta dawo ta tarar ya share benci da hannu ɗaya, ya kafa katako biyu da za su riƙe dutsen, ya ajiye kwano da ruwa. Ta shayar da Tsuntsuwa, ta sa ta a durowa da murfin tukunya ta yi wasa, ta naɗe hannun riga.

"Tsayar da shi cak. Ki cinye bakin tukuna."

"In kashe kaifin da kaina?"

"Kashe shi. Ba namu ba ne."

Ta fara. Ƙarar ta shiga mata haƙora. Ruwan ya koma baƙi, ta ƙara, ya sake komawa baƙi. Kowane ɗan lokaci ta ɗaga ta duba, shuɗin na nan kamar ba a taɓa shi ba.

"Ki bi dutsen duka, kada ki zauna a tsakiya, za ki yi masa rami."

"Ka faɗa sau uku."

"Sau huɗu kika zauna a tsakiya."

Wayarsa ta yi ƙara. Ɗan kwangila ne, tana jin muryarsa daga inda take. "Malam kafinta, in turo mota ta kwashe yau ne, mu huta?" Mijin ya dube ta. Ba ta ɗago ba, ba ta kuma tsaya ba. Ya ce, "Gobe da hantsi, kamar yadda muka yi." Ya ajiye wayar a hankali.

Da shuɗin ya tafi, ya sa ta kwantar da cizal ɗin a karkace. Ya ɗora yatsunsa biyu na dama a kan nata don ta ji kwanar. "Nan. Ki kulle wuyan hannunki. Jikinki ne zai riƙa tafiya, ba hannu ba." Sau biyu ta kauce, bakin ya yi ƙusumbi, aka koma baya. Tsuntsuwa ta yi kuka, ya jijjiga durowar da ƙafa har ta yi barci. Inuwar ƙofofin ta tashi daga bango ta kwanta a ƙasa. Tafin hannunta ya tashi ruwa wuri biyu, ɗaya ya fashe, ta naɗe shi da bakin zani ta ci gaba.

"Taɓa bayan. Daga sama zuwa ƙasa, kada ki bi bakin. Me kika ji?"

"Wani ɗan kaushi, kamar ƙaiƙayi."

"Daga wannan kusurwa har waccan?"

Ta sake shafawa. "Har can."

"To kin iso."

Suka koma kan tsohon dutsen mahaifinsa, da ɗigon mai. Wannan ba ya ƙara, sai wani sauti mai laushi. Ta kifa bayan ta goga, ta juya, ta sake kifawa, har ɗan ƙaiƙayin ya fita ya kwanta a cikin man kamar gashin ido. Ta goge cizal ɗin da tawul. Ta hango idonta ɗaya a bayansa, ja wur.

Ya karɓa da dama, ya kai shi wajen hannun hagu yadda ya saba, sai ya tsaya. A nan yake gwada kaifi, yana aske gashin damtsen. Farkon aurensu ta ɗauka makero ne ya cinye masa gashin wurin, har ta sayo masa magani. Yau bandeji ya rufe wurin duka.

Ya mayar mata da cizal ɗin. Ya miƙe hannun dama a kan benci.

"A'a," ta ce. "Shi kaɗai ya rage maka."

"Na sani."

"Hannuna rawa yake yi."

"To jira ya daina."

Ita da ko allura ba ta bari a ƙasa, ita da ta naɗe kusurwar kowane tebur a gidan da tsumma. Ta ja numfashi, ta riƙe wuyan hannunsa da hagu, ta kwantar da ƙarfen a kan fatar, ta tura kaɗan. Ba ta ji komai ba. Sai ga gashi ya taru a bakin cizal, ga fili fes a hannunsa, faɗin ɗan yatsa biyu, ba ɗigon jini.

Ya dubi wurin. Sannan ya tashi, ya je ƙofar farko da ke ɗaure a benci, ya sa cizal ɗin a bakin ramin, ya jingina ƙirjinsa a ƙotar. Katakon ya fito siriri, ya naɗe kansa, ya faɗi ƙasa.

"Uwargida," ya ce, bai juyo ba, "in mun gama, dutsen zai koma saman kabad?"

"Akwati za ka yi masa, da makulli. A jikin bangon nan." Ta dafa wurin, daidai kafaɗarta.

"Ya yi mini ƙasa."

"Ni bai yi mini ba."

Siririn cizal na nan a kan tawul, bakinsa shuɗi. Ta leƙa durowa, Tsuntsuwa na barci da murfin tukunya a ƙirji. Ta zubar da baƙin ruwan, ta ɗebo sabo, ta gyara tsumman tafin hannunta da haƙori, ta tsayar da ƙarfen cak a kan dutse.