Sanyin Motar Amarya

Dangin amarya sharaɗi ɗaya suka kafa wa Liyakat, suka yi ta nanatawa har ya gundure shi: 'yarsu ba za ta baro Bahawalpur zuwa Multan cikin wannan zafi a mota marar sanyi ba. Liyakat ya bugi ƙirji gaban surukai maza, ya ce motar hayarsa ce za ta ɗauko matar ɗansa Sajjad, kuma sai amarya ta nemi bargo a hanya. Abin da bai faɗa ba shi ne esin motar ya mutu tun azumi, hucin zafi kawai yake hurowa kamar bakin tanderu.

Kaf unguwar mutum ɗaya ne ya san cikin esi, Ustad Barkat, kuma shi ne mutumin da Liyakat ba ya son haɗa ido da shi. Tun Sajjad yana yaro kowa ya san Nasrin 'yar Barkat ce matarsa. Sai Bebe, mahaifiyar Liyakat, tsohuwa mai baki kamar reza, ta je ganin yarinyar. Ta kama haɓarta cikin taron mata, ta juya fuskarta wajen haske, ta ce jikanta ba zai kawo mata gindin tukunya cikin gida ba. Kafin la'asar maganar ta zaga unguwa, zancen auren ya mutu. Nasrin ta daina leƙa ko ƙofar gida. Barkat kuwa ya ci gaba da gaida Bebe har da rusunawa.

Liyakat ya haɗiye kunya ya kai motar gareji. Barkat ya shanya shi a rana tun hantsi, yana sallamar waɗanda suka zo bayansa, yana kurɓar shayi bai ce masa bismillah ba. Sai da inuwa ta juya sannan ya taso, ya ɗan duba, ya ce gas ɗin esin ne ke yoyo, kuma yoyon a ciki yake, can bayan sitiyari, sai an kwance gaban motar gaba ɗaya. Aikin kuma sai bayan biki.

"Ustad, bikin ne fa ya kawo ni."

"Na sani, maƙwabci. An ce amaryar fara ce tas. Ku yi mata fifita a hanya, kada ta narke muku."

Masu jiran gyara suka kwashe da dariya. Liyakat ya ja motarsa zuciyarsa na tafasa. Matarsa Kausar ta ce garin nan cike yake da masu gyara, ya tsallaka wata unguwa mana. Ina! Ya riga ya rantse babu makaniken da zai ƙara taɓa masa mota, duk bakinsu ɗaya, 'yan wulaƙanci. A teburin mai shayi wani mai riksha, keken haya mai ƙafa uku, ya raɗa masa cewa gas ɗin girki ma yana yi, har ya fi na makanikai sanyi, su ne dai ba sa so a sani. Liyakat ya kalli yadda ake yi a waya, ya ga ai ba wani abu ba ne. Ya shiga kicin ya cire tukunyar gas, Kausar na mita shinkafarta ba ta nuna ba, ya ce ta ci ɗanya. Ya ɗaura tiyo, ya ɗaure da waya, ya kifa tukunyar ya ɗura wa esin.

Abin haushi, ya yi. Sanyi ya taso har yatsunsa suka ƙage a kan sitiyari. Daɗi ya kashe Liyakat, kuma da ya tsaya nan da sauƙi. Amma mutumin nan ba ya iya cin nasara shi kaɗai, sai an gani. Ana gobe biki ya tuƙa har ƙofar gareji, ya danna ham, ya sauke gilashi, ya ce Ustad ya zo ya ji aikin wanda bai taɓa zaman koyo ba.

Barkat ya goge hannu ya zo. Ya zura kai cikin motar, ya ɗan jima a haka. Liyakat ya ga hancinsa ya motsa, ya ɗauka hassada ce ke cinsa. Da ya fito da kai, fuskarsa a sake take.

"Ma sha Allah, ka fi ni," in ji shi. "Sai dai irin wannan sanyi yana jan idon mutane. Ka ce wa Bebe ta yi wa motar hayaƙin harmal na maganin baki da kyau kafin ku tashi. Ba a waje kawai ba, har ciki."

Liyakat ya koma gida yana jin kansa a sama. Da yamma aka lulluɓe motar da furanni tun daga goshi har baya, aka rataya furen yasmin a madubi, aka zazzage kwalbar turare a kujeru, aka rufe gilasai ruf don ƙamshin ya zauna. Gas ɗin kuma ya kwana yana tsiyaya a ciki, ta wurin yoyon nan da Barkat ya gaya masa tun farko.

Da safe makaɗa suka cika lungu. Sajjad ya fito da rawani da furanni a wuya. Bebe ta fito cikin fararen kaya, riƙe da kaskon garwashi, tana barbaɗa ƙwayoyin harmal suna fashewa, kamar yadda ta yi wa kowane ango da kowane jariri a gidan don maganin kambun baka. Ta zaga motar tana addu'a tana hararar gidajen maƙwabta. Liyakat da kansa ya buɗe mata ƙofar baya. Ƙamshin turare ya bugo, da wani ɗan wari a ƙarƙashinsa wanda bai tsaya tunaninsa ba.

"Har ciki, Bebe," ya ce. "Har ƙarƙashin kujera."

Ta sunkuya, ta miƙa kaskon, ta hura garwashin ya kama.

Ƙarar ba ta ma kai ta ganga ba. Wuta ce ta fito ta ƙofar gaba ɗaya, ta yar da tsohuwar a ƙasa mayafinta na ci. Liyakat ya kashe da tafin hannunsa, yana kiran sunanta. Motar ta ci gaba da ci da furanninta, babu wanda ya kula ta.

Motar farko da ta iso lungun ta Barkat ce. Suka sa Bebe a baya. Ko a cikin wannan ruɗani Liyakat ya lura motar ta yi sanyi ƙarara, irin sanyin da sai an jima da kunna esi ake samu.

Bebe ta rayu, amma idanun sun tafi. Dangin amarya suka ce a ɗaga biki, daga nan suka daina ɗaga waya. A teburin mai shayi ba a kiran Liyakat da sunansa kuma, sai dai a ce wanda ya ƙone uwarsa don rowa. Wa zai kai ƙara, ya ce me? Shi ya ɗura, shi ya buɗe ƙofa. Barkat shawarar hayaƙi kawai ya bayar, irin wadda kowace tsohuwa a unguwar za ta bayar. Baƙin ciki ya hana Liyakat ci, ya hana shi barci.

Ranar da aka sallamo tsohuwar daga asibiti, Barkat ya zo dubiya da kwandon mangwaro. Ya durƙusa ya gaida Bebe da ladabin nan nasa, ita kuma tana lalube ta sa masa albarka, tana cewa shi ne ya cece ta. Liyakat ya rako shi zaure, hannayensa naɗe da bandeji.

"Ustad, ka ji warin ran nan."

Barkat ya zura takalmansa a nutse, ɗaya bayan ɗaya.

"Ni na ce maka sai bayan biki," ya ce. "Nasrin na gaida Bebe. Ta ce in za a sake nema wa Sajjad mata, a kai tsohuwar ta duba fuskar."